Ruwan Tsamin Mma

Yau kwana huɗu ke nan ana ruwa a Ankara, babban birnin Gana. Ba irin wanda yake zuwa da tsawa ya zuba ya wuce ba ne, siririn nan ne mai naci, ya kwana yana yi ya wuni yana yi, har gishiri ya jiƙe a gwangwani, ashana ta ƙi kamawa. Da safe na fito zan hau trotro, motar haya, a bakin titin Maamobi, sai iska ta ɗebo min warin babbar gota, wato kwatar unguwa, warin ruwan da ya tono abin da ya daɗe kwance a ƙasa. Na tsaya da lema a hannu har mota biyu suka wuce ni. Warin nan ne ya cika unguwarmu shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina, shekara goma sha wani abu da suka wuce. A shekarar ce mahaifiyata ta daina ba mutane ruwan tsami.

Mma muke ce mata. 'Yar Tawa ce ta ƙasar Nijar, tana amarya aka kawo ta Gana. Ta fi shekara arba'in a Maamobi amma bakinta bai juya ba. 'Ya'yan Zango, haihuwar nan, mace da namiji duk “ka” da “ya” suke ce musu, ita kuwa in an ce mata “ka” sai ta waiga bayanta ta tambaya wane namiji ne ya shigo. Koko take sayarwa a ƙofar gida, kuma da shi ta rene mu bayan rasuwar babanmu.

Aikin kokon yana da tsarinsa. Da yamma a jiƙa gero ya kwana. Da safe a wanke, a kai inji tare da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono. A dawo da ƙullun a dama da ruwa, a tace, a bar shi cikin manyan robobi ya kwanta. In ya sami lokacinsa, gasara ta zauna a ƙasa, ruwan da ke sama ya yi tsami har yana ɗan kumfa a gefe. Wannan ruwan ake kwashewa a tafasa, a zuba gasara, ya zama koko. Amma kafin a ɗora shi a wuta, Mma takan ɗanɗana da bakin ludayi, in ya yi mata, ta cika ƙwarya ɗaya ta rufe da faifai ta ajiye, ɗanye. Shi ne ruwan tsami. Duk wadda cikin ɗanta ya ɓaci a layinmu, kofi take ɗaukowa ta zo wurin Hajiya, kamar yadda maƙwabta ke kiranta. Ba a sayar da shi. Mma ta ce uwarta ma ba ta sayar ba.

Ni kuwa a lokacin ina aiki a ɗakin gwaji na wata cibiyar binciken abinci, ƙarƙashin wata dattijuwa Bafanta, 'yar wata ƙabilar Gana, da muke kira Anti Efuwa. Aikinmu shi ne rarrabe bakteriya masu amfani, waɗanda suke sa koko da nono da dokunu, tuwon masarar nan na Gana, tsami, suke kuma zama a cikin hanjin mutum su taimake shi. A cokali ɗaya na ruwan tsami akwai su ba iyaka, kuma ba iri ɗaya ba ne. Matsalar ita ce in ka duba su a madubin ƙara girma, kusan dukkansu kamar gutsattsarin tsinke suke. Ba ka gane wane ne wane da ido. Sai dai ka ciyar da su, ka ga halin kowa.

Mukan dafa musu abinci a tukunyar tururi, mu zuba a ƙananan farantai masu murfi ya daskare. Sai mu tsarma ruwan tsamin sau da yawa, mu shafa ɗigo a kan faranti, mu jera farantan cikin wani tulu mai murfin ƙarfe da ake cire wa iska, don waɗannan halittu ba sa son iska, kamar dai yadda suke zaune a hanji. Tulun ya shiga akwatin ɗumi ya kwana biyu. In an buɗe, kowace ƙwaya ɗaya ta hayayyafa ta zama ɗigon da ido ke gani. Daga nan aikin yake farawa. Akwai abincin da muke sa wa shuɗin rini, wani iri ya fito fari fat, wani ya fito da shuɗi a tsakiya. Akwai mai sukari, wanda wani iri yake yauƙi a kansa kamar miyar kuɓewa. Mu ga wanda ke fitar da iska in ya ci, da wanda ba ya yi. Mu ga mai jure zafi da mai jure sanyi. Mu rina su: namu na kirki launin makuba suke ɗauka, su riƙe. Sannan mu ɗiga musu haidrojin, wannan da ake wanke ciwo da shi. Na kirki ba sa kumfa. Shiru suke yi.

Shekara biyu ina kai ruwan Mma duk ranar Litinin, har na san mutanen cikinsa kamar maƙwabta. Suna da dogayen sunaye na Latin da nake rubutawa a jikin faranti, amma a raina Mai Yauƙi da Mai Shuɗin Ido nake kiransu. Su biyun nan ba su taɓa fashi ba. Mun gwada su da wasu miyagun ƙwayoyi a faranti ɗaya, muka ga miyagun sun kasa matsowa kusa da su. Ranar da na ga haka, na dawo gida na tsaya a tsakar gida na ba da labari da ƙarfi, kowa yana ji. Na ce likitanci ya tabbatar da ruwan Hajiya magani ne. Mma ta yi dariya ta ce, “Sai da aka kai ki makaranta shekara ashirin kika gano abin da kakarki ta sani tana tsugune?” Amma ta ji daɗi. Daga ranar kofuna suka ƙaru, har daga Nima da Kotobabi ana zuwa.

Gidanmu gidan haya ne mai ɗaki goma sha biyu, famfo ɗaya a tsakiya. Mijina direban babbar mota ne, yakan yi wata bai dawo ba, don haka ni da 'yata Rukaya muna ɗakin da ke manne da na Mma. Ɗakin da ke fuskantar namu na Adiza ne, mai sayar da albasa a kasuwar Nima. 'Yarta Sadiya sa'ar Rukaya ce, sati uku ne tsakaninsu, shekarunsu uku-uku. A baho ɗaya ake musu wanka.

Azumin shekarar ya zo da abu uku a haɗe: ruwan sama, rashin wuta, rashin ruwan famfo. Mutum zai ce azumin damina sauƙi gare shi, babu ƙishi. Gaskiya ne babu ƙishi, amma akwai wata irin yunwa mai sanyi da take shiga ƙashi. Tufafi ba sa bushewa, tabarma tana warin funfuna, gawayi ya jiƙe sai hayaƙi. Wuta kuwa a ɗauke ta wuni da kwana, a kawo ta awa kaɗan. Famfo yakan yi kwana uku yana tari babu ko ɗigo, in ya tashi zuwa sai ya fara da wani ruwa mai launin shayi. Mukan bar na farkon ya zube, in ya yi haske mu tara a jarkoki. Bututun da ke kawo mana shi ta cikin gota ya biyo, an ɗaure inda ya fashe da robar taya. Kowa ya san da haka. Kowa yana tsallake shi safe da yamma.

Da azumi Mma takan mai da kokonta na buɗa-baki. A ƙa'ida gero ya dawo daga inji da hantsi, ya kwanta har la'asar. Amma inji sai da wuta. Sai ka ga mata sun jera bokitai a ƙofar mai inji tun safe, suna zaune ƙarƙashin rumfa ruwa na ɗiga musu, ana jiran a ji ƙarar firij ɗin wani ya tashi. Wata rana sai bayan azahar ake samun niƙa. Mma ta dawo a jiƙe, mu tace da sauri, ƙullun bai fi awa ɗaya da kwanciya ba sai a kwashe ruwan a ɗora, don mutane za su zo da kwanukansu kafin kiran salla. Garin kuma da sanyi, abu ba ya saurin tsami. Ga ta da azumi a baki, ba ta yarda ta ɗanɗana. Sunsunawa take yi, ga mura ta toshe mata hanci tun daren farko.

Wajen goma ga wata aka fara jin labarin gudawa. Da farko daga can ƙasan gota, wajen Alajo, inda ruwa ya shiga ɗakuna. Sai aka ce wani tela a Nima ya yi sallar asuba a masallaci, kafin la'asar an kai shi. Sai aka fara ganin tasi tana shigowa lungu da baya-baya, a fito da mutum a cikin zane. 'Yan duba-gari, waɗanda muke ce wa tankas, suka shigo da takalman roba suna leƙa tukwane. Wata mai shinkafa da wake a bakin titi aka ce abincinta ne, ba wanda ya gwada komai, amma cikin kwana biyu ba mai tsayawa a teburinta, yara suna nuna ta. Ta tattara ta koma garinsu. A masallatai aka fara alƙunutu.

Kofunan Mma kuwa suka ninka. Da ƙwarya ɗaya take ajiyewa, ta koma uku.

Ranar Lahadi cikin Sadiya ya ɓaci. Ba sosai ba, tana wasa, tana cin ƙosai. Adiza ta zo da kofinta na roba shuɗi aka zuba mata. Ranar Litinin na ɗebi nawa a kwalba daga ƙwaryar jiya kamar kullum, na tafi aiki.

Abu na farko da muke yi shi ne tsoma wata 'yar takarda da ke nuna ƙarfin tsami. Ruwan Mma kullum ja-ja yake mai da ita. Ran nan da ƙyar ta canza. Na sake tsoma wata, haka. Na ce wa kaina sanyi ne, na shafa farantaina na rufe tulu. Ranar Talata wuta ta ɗauke a wurin aiki, janareta ya yi awa biyu man ya ƙare. Anti Efuwa ta lulluɓe akwatin ɗumi da tsofaffin rigunan aiki, ta hana kowa buɗewa. Ita Kirista ce, amma duk watan ba ta taɓa cin abinci a gabana ba, bayan gini take zagayawa da ledarta.

Ranar Laraba da hantsi na buɗe tulun. Wari ne ya fara gaya min. Farantan Mma ƙamshin tsami suke yi, irin na nonon da ya kwana. Wannan karon akwai wani abu ƙarƙashin ƙamshin, kamar tsumman da aka manta a bokiti. Na ɗaga faranti a hasken taga. Mai Yauƙi yana nan, amma tsiraru. Mai Shuɗin Ido na ƙirga uku kacal. Tsakaninsu kuma ga wasu sababbin ɗigo-ɗigo, masu faɗi, launin toka, jiƙaƙƙu, waɗanda ban taɓa gani a ruwan gidanmu ba.

Na ƙona 'yar wayar ɗiba a wuta, na ɗebo ɗaya na ɗora a gilashi, na ɗiga haidrojin. Nan take ya tashi da kumfa, fari, yana tafasa. Na ɗebo wani, shi ma haka. Na rina, na sa a madubi. Gajeru ne, jajaye. Babu makuba ko kaɗan.

Anti Efuwa ta zo ta sa ido a madubin ta daɗe.

“Na wa ne?”

“Na Mma.”

Ta ja kujera ta zauna. “Ba lalle mugu ba ne. Akwai irinsu a jikin gero, a ƙasa, ba sa komai. Ki shafa a baƙin faranti, gobe za mu sani.”

Baƙin faranti wani abinci ne mai duhu da muke amfani da shi don gane ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida. Kwana ɗaya yake ɗauka. Na shafa. Ina wanke hannu ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Memuna, in uwata ce, yau zan ce mata ta tafasa komai. Ba sai gobe ba.”

Na ce to.

A cikin trotro na shirya maganar sau goma. Gilasai a rufe saboda ruwa, numfashin mutane ya yi hazo a jiki, yunwa tana juya min kai. Na tuna mai shinkafa da wake. Na tuna ni ce na tsaya a tsakar gida na ce likitanci ya tabbatar. Na ce a raina, a aikinmu ba a faɗin abin da ba a tabbatar ba, haka aka koya mana. Kwana ɗaya ne. Gidan haya kuma ba a raɗa a cikinsa, in na faɗa wa Mma da la'asar, kafin isha'i an ji a Kotobabi. In kuma gobe farantin ya fito babu komai fa? Na kashe mata suna a banza. Kafin mu iso Maamobi na gama shawo kan kaina.

Na tarar da tsakar gida cike da hayaƙin jiƙaƙƙen gawayi. Koko yana wuta, mata uku suna tsaye da kofuna. Mma ta ce min Rukaya ta zaga sau biyu yau, ga nata nan ta zuba. Yarinyar tana zaune a dokin ƙofa, ta riƙe kofin da hannu biyu, ba ta kai baki ba tukuna. Na tsuguna na karɓe. Na ce bari ta ci wani abu tukuna. Na zagaya bayan makewayi na tuttular, na ɗauraye kofin.

Ina dawowa Adiza ta fito da Sadiya a kafaɗa. Yarinyar ta yi laushi, idonta ya ɗan faɗa.

“Hajiya, a ƙara mana. Jiya ya sha, ya ɗan samu barci.”

Na ce, “Adiza, ki kai ta asibiti.”

“Gobe, in ruwa ya tsaya. Ka ga asibitin? Mutane a ƙasa har bakin ƙofa. In na kai shi can ma wani ciwon zai ɗauko.” Ta miƙa kofin. “Ba kai ka ce wannan magani ne ba?”

Mma ta buɗe faifai, ta zuba mata har baki. Ina tsaye, tsakanina da kofin bai kai taku biyu ba. Aka kira salla. Kowa ya juya neman dabino.

Ranar Alhamis tun kafin Anti Efuwa ta iso na buɗe akwatin ɗumi. Ban ma kai farantin taga ba na gani. Duk inda na ja layi ya fito da wani ƙyalli kore, irin na bayan ƙudan da ke sauka a kan mushe. Duk mai aikinmu ya san wannan ƙyallin. Na ajiye shi a kan teburin Anti Efuwa, na ɗauki jakata na fita.

Ruwa ya cinye hanya, motoci sun tsaya. Na sauka na taka da ƙafa, takalmi a hannu. Da na shiga gida wajen azahar, ƙofar Adiza a rufe da kwaɗo. Aka ce tun da safe yarinyar ta daina kuka, ta daina buɗe ido, suka nemi tasi.

Mma tana tace ƙullu. Na ja ta ɗaki na rufe ƙofa na gaya mata. Na ce ruwan bai yi tsamin da zai kashe ƙazanta ba, na ce masu kirkin sun yi kaɗan, wasu sun shigo. Na yi zaton za ta yi musu. Ba ta yi ba. Hannunta da ƙullu har gwiwar hannu, ta riƙe su a sama kada su taɓa zaninta.

“Kokon fa?”

“Wanda ya tafasa ba komai.”

“Ɗanyen ne.”

“Shi ne.”

“Kashi ne a ciki, kike nufi.”

Na ce eh.

Ta fita ta wanke hannu. Ta ɗauki ƙoren nan uku ɗaya bayan ɗaya ta juye a kwata. Sannan ta yafa mayafi, ba lema, ta ce in zo in riƙa tuna mata gidaje. Na ce ta bari in je ni kaɗai, ko mu ce kawai ruwan ya ƙare. Ta ce, “Wasu sun ajiye na jiya.” Muka bi lungu-lungu cikin ruwa, mace mai shekara sittin da azumi a bakinta. A kowace ƙofa ta yi sallama ta ce, “Ruwan da na ba ku, in da saura ku zubar. Ba shi da kyau. Ku tafasa ruwan sha, ku kai yaro asibiti.” Wasu suka yi godiya. Wata ta dube ta daga sama har ƙasa ta rufe ƙofa. Ran nan ba a yi koko ba, kuma har azumi ya ƙare rabin masu sayenta ba su dawo ba.

Sadiya ta rasu ranar Juma'a, ana fitowa daga masallaci. Maza suka dawo daga maƙabarta da jan laka har gwiwa, suna cewa sai da aka kwashe ruwa daga ramin da kwano. Rukaya ta yi kwanaki tana zuwa ƙofar Adiza da soson wanka a hannu.

Ranar Asabar muna wanke gero ni da Mma, mu biyu, ta ce ba tare da ta ɗago ba, “Yaushe kika gani?”

“Alhamis.”

Ta tsiyaye ruwan, ta zuba wani. “Na ga kofin Rukaya,” in ji ta.

Na ci gaba da wanke geron. Ba ta sake tada maganar ba, ran nan ko bayansa. Ta ci gaba da yi min magana kamar kullum, tana goya Rukaya, tana ajiye min ƙosai. Sai dai ba ta sake tambayata labarin aiki ba.

Satin da ya biyo na kai ruwan famfonmu na shafa a baƙin faranti. Shi ma kore ya fito. Wato duk gidan muna sha, da Sadiya da kowa, tun kafin kofi. Anti Efuwa ta ce min babu farantin da zai iya nuna abin da ya kashe yarinyar, tana da ciwon tun kafin ta sha, kuma an rasa mutane a layin da ba su taɓa ganin ƙwaryar Mma ba. Duk gaskiya ne. Na maimaita wa kaina shi shekaru da yawa.

Yanzu an ɗaga bututun daga cikin gota, yawancin gidaje ma ruwan leda suke sha. A wurin aiki an kawo na'urar da ke karanta asalin halitta, ta faɗi sunan ƙwaya ba tare da an jira ta nuna halinta ba. Sababbin ma'aikata suna ganin tulun nan mai murfin ƙarfe kamar kayan kakanni. Ni har yanzu ina koya musu faranti, don na'ura takan lalace, kuma hanci ba ya bukatar wuta. Mma ta ci gaba da koko har ƙarfinta ya ƙare, amma duk wadda ta zo da kofi, sai ta ce mata an daina.

Adiza ta tashi daga gidan bayan salla, ta koma Alajo. Shekara shida bayan haka Mma ta rasu, da rani. Ranar sadakar uku Adiza ta zo tun safe da buhun albasa a ka, ta ɗaura zani ta shiga cikin masu girki. Can da hantsi na samu kaina zaune kusa da ita a bayan gida, mu biyu, muna yanka albasa a tire ɗaya. Ta tambayi Rukaya, aji nawa take. Na faɗa mata. Ta gyaɗa kai.

“Memuna, wannan aiki naku. Kwana nawa yake ɗauka kafin a gani?”

Wuƙar ta tsaya a hannuna. “Biyu. Wani lokaci uku.”

“Litinin ka ɗiba. Kullum Litinin kake ɗiba.”

Na dubi hannayenta, ba su daina aiki ba. Na ji ba zan iya sake faɗin waccan kalmar, Alhamis, ba, ba a gidan nan ba, ba a ranar nan ba.

“Laraba na fara gani, Adiza. Kafin ki zo da kofin. Ban tabbatar ba, amma na gani. Na hana Rukaya sha.”

Ta yanka albasar da ke hannunta har ƙarshe, ta ɗauki wata ta ɓare.

“Hajiya ya zo wurina a Alajo,” in ji ta. “Shi kaɗai, bayan arba'in ɗin Sadiya. Ya ce laifinsa ne, ya nemi gafara, na yafe. Sai na tambaye shi wannan tambaya. Ya ce Alhamis. Na ce Hajiya, ka tabbata? Ya ce Alhamis, har sau uku. Shekara goma ina gidan nan, ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba.”

Ta goge ido da bayan hannu, ta turo min sauran albasar.

“Jiya-jiya aka binne shi. Kar ka ƙaryata shi yanzu. Bar shi a Alhamis.”